Kafin Ƙungiya Ta Sayi Mota

'Yan'uwa manoma, bayan kaka wasu ƙungiyoyinmu sukan fara shawarar sayen ƙaramar mota domin kai marasa lafiya asibiti da zuwa taro. Nan da nan sai gardama ta tashi: ta gida ko ta waje?

Dattawa har yanzu suna yabon Peugeot 504. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Injin 504 ba shi da wani asiri. Ta daɗe ne domin kowane makaniki ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa. Yau akwai Innoson ta Nnewi, amma sabuwar mota ta fi ƙarfin asusun yawancinmu. Saura 'yar Kwatano, wadda ta riga ta sha tafiya a Turai ko Amurka.

A ganinmu, tambayar farko ita ce: wa zai gyara ta a garinmu? Toyota Corolla tana da ƙarko, kayanta kuma ba su da wuyar samu. Mota mai kyan gani wadda sai an kai ta Jos kafin a gane ciwonta za ta cinye kuɗin taki.

Mu tafi da makanikinmu wurin ciniki. A tada injin da sanyin safiya. Shuɗin hayaƙi a salansa, injin yana shan baƙin mai ke nan. In man ya koma kamar madara, ruwa yana shiga, a bar ta. A ga takardun kwastan kafin ma'aji ya ƙirga kuɗi.