A Auna Ƙasarmu da Ruwanmu Tun Kafin Ɓarna

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani fanni na kimiyya wanda da yawa daga cikinmu suke ɗauka aikin Turawa ne kawai, alhali kuwa rayukan yaran ƙauye sun taɓa rataya a kansa. Watau ilmin gane sinadaran da ke ɓoye cikin ƙasa, ko ruwa, ko jini, ta hanyar haske da awon nauyi.

Asalin abin ba shi da wuyar fahimta. In ka barbaɗa gishiri a wuta, harshenta zai yi rawaya. In tagulla ce, sai ya yi kore. Kowane sinadari da irin hasken da yake bayarwa, kamar yadda kowane mutum yake da irin muryarsa. Waɗansu Jamusawa biyu, Bunsen da Kirchhoff, su ne suka mai da wannan ya zama hanyar bincike, har suka gano sabon sinadari da ita a 1860. Daga baya, a 1919, Aston na Ingila ya ƙera na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa ga nauyinsu. Jikokin na'urar tasa na yau suna iya gano guba ko da kashi ɗaya ce cikin biliyan.

To, ina ruwan mutumin Gulma da wannan? Mu tuna abin da ya auku a Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, cikin ƙasashen Anka da Bukkuyum, mutane suna kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su ana niƙawa a tsakar gida, yara suna wasa cikin ƙurar. Sai yara suka shiga farfaɗiya suna mutuwa. An zaci zazzaɓi ne, an ba da maganinsa, bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jini ƙasar waje aka auna, sa'an nan aka gane dalma ce. Masu bincike suka zo da wata na'ura ta hannu mai harba hasken eksire a ƙasa, ta karanta abin da ke ciki nan take. A waɗansu wurare dalmar ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Kafin a shawo kan abin, yara wajen 400 sun rasu. Amma da awon ne aka san gidan da za a kankare ƙasarsa, da yaron da za a fara ba magani. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba ina cewa ruwanmu ya gurɓata ba ne, kada wani ya je ya ce na faɗa. Abin da nake cewa shi ne, ido ba ya ganin dalma, harshe ba ya ɗanɗanarta. Ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri. Gulbin Zamfara a jihar nan tamu yake zubowa. Shinkafar fadamun Argungu, wadda har aka buɗe mata babbar masana'anta a 2017, cikin ruwa take tsayuwa, ita kuwa shinkafa an san ta da jan sinadarin arsenik in akwai shi a ƙasa. Kai, ko kwallin da iyayenmu mata suke sa wa jarirai, sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa.

Na san wani zai ce na'urorin nan suna da tsada, ga su da son lantarki marar yankewa. Gaskiya ne. Amma fa ba daga sama za a fara ba: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana irin wannan awo, ga jami'o'i kuma a Aliero da Birnin Kebbi. A ganina abin da ya fi na'ura ƙaranci shi ne hannun da zai riƙe ta, mu kuwa da mun ji an ce darasin kemistiri sai mu fara neman hanyar gudu.

Shawarata ga hukuma ita ce, kowace shekara bayan damina a ɗebi ruwan rijiyoyi da ƙasar fadama da samfurin shinkafa a kai awo, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo. Mu 'yan ajin kimiyya ma a koya mana ɗibar samfurin, mu fara da rijiyoyin Gulma.