Ra'ayi: Goge silinda gyara ne, amma ba kowane karce yake sharewa ba

 Yau maganar inji ce na zo da ita, domin duk wanda yake cin kasuwar bakin iyaka ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani, in ya kwanta to ciniki ma ya kwanta.

Kwanakin baya wani mai sauraren gidan rediyonmu, ɗan kasuwar albasa, ya zo mini da kuka. Babur ɗinsa ya fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, yana shan baƙin mai, ba ya da ƙarfi a hawa. Bakanike ya kwance inji, ya ce silinda ce ta karce, ya goge ta, ya sa sabbin ringi, ya karɓi kuɗinsa. Ba a yi sati uku ba hayaƙi ya dawo, babur ya mutu da lodi a hanya ranar kasuwa. Ya tambaye ni: shin cutarsa aka yi? Na ce masa laifin na mutum biyu ne, domin shi da bakinsa ya gaya mini cewa ya roƙi bakaniken ya yi masa mai araha.

Silinda ita ce ramin da fistin yake hawa da sauka a cikinsa, ringi kuma su ne suke toshe tsakaninsu don kada ƙarfin wuta ya zurare ƙasa, kada kuma baƙin mai ya hau sama ya ƙone. Idan ƙura ta shiga ta filtar iska, ko man inji ya tsufa, ko inji ya yi zafi fiye da kima, ko ringi ya karye, sai bangon ramin ya karce.

Gogewar da makanikai suke kira honin ana yin ta ne da wani ƙarfe mai ƙafa uku, kowace da dutsen washi, a ɗaura shi a injin huda, a zuba mai, ana juyawa ana kai shi sama da ƙasa. Aikinsa shi ne ya cire santsin da bango ya yi, ya bar siraran zane masu gittar juna, waɗanda suke riƙe mai har sabbin ringi su zauna daram. Aiki ne mai kyau, kuma ba na goyon bayan masu cewa duk silindar da ta karce a jefar. To amma fa ƙarfen da yake ci ɗan kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa makanikan kirki suke gwadawa da farce: in ka ja farcenka a kan karcen ya wuce sumul, gogewa za ta isa; in ya maƙale, to maganar ta wuce nan. Sai a kai wajen masu injin borin su faɗaɗa ramin da milimita 0.25 ko 0.50 ko fiye, a sa fistin da ringi na wannan awon, ko kuma a canza silindar ɗungurungum. Wanda ya dage da goge karce mai zurfi, ramin zai yi faɗi ya karkace, fistin ya riƙa kaɗawa a ciki.

Abin takaici, wasu ma ba su da dutsen, takardar yashi suke naɗawa a yatsa su cuɗa. Wasu kuma in sun gama sai su ɗauraye da isansi kawai, alhali garin dutsen yana nan maƙale a bango. Ƙa'ida ita ce a wanke da ruwan zafi da sabulu, a share da farin ƙyalle har ya fito ba dauɗa, sannan a shafa mai. In ba haka ba, wannan garin ne zai cinye sabbin ringin.

Na san wani zai ce kuɗi ne babu. Gaskiya ne, tun da Nijeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 hidimar babur ta ƙara nauyi a bakin iyaka. Amma wannan shi ne ma dalilin da zai sa a yi gyara sau ɗaya, domin injin da ƙarfinsa yake zurarewa ya fi shan mai, kuma araha ba ta ado.

Saboda haka ɗan kasuwa, ka tsaya a kwance inji a gabanka, ka sa farcenka da kanka, ka tambayi dalilin karcen, don in ba a gyara filta ba ƙurar hunturu za ta maimaita aikinta. Bayan gyara kada ka ɗora buhuna ka murɗe totur a ranar farko, ka bi shi sannu, ka canza baƙin mai da wuri. Ku kuma makanikai, ku ji tsoron Allah ku faɗa wa mai kaya gaskiya ko da zai tafi wani gareji. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.