Gemu ba ya hana ilimi, amma a wace jami'a?

A wannan mako gida zan kai ku, wato garinmu Bauranya da ke Ƙaramar Hukumar Kusada, saboda wata magana da ta taso a can lokacin Babbar Sallar bara, wadda na daɗe ina son mu tattauna a kanta.

Ina da wani taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Malamin firamare ne mai takardar NCE, kuma ya haura shekara ashirin yana riƙe da alli. Tun muna yara ba mu haɗuwa mu rabu ba tare da ya tsokane ni ba, don haka da ya jawo ni gefe bayan la'asar ya ce, "Dakta, yau ba da wasa na zo ba," sai na gyara zama. Ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne wani dillali ya turo masa ta WhatsApp, yana tallan wata jami'a a Kwatano: digiri cikin shekara guda, komai ta intanet, babu zuwa aji, babu jarrabawa, kuɗi kuma a biya kashi biyu. Har ya riga ya yanke shawarar sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya biya kashin farko. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in duba masa ko sunan kwas ɗin ya dace da aikinsa.

Ban yi masa dariya ba, domin na san abin da ke cin sa. Yaran da ya koya wa karatu sun je sun dawo da digiri, an ɗora wasunsu a kansa. Shi kuwa ya kusa isa matakin albashin da takardarsa ba za ta bar shi ya wuce ba, kuma matakin da ma'aikaci ya ajiye aiki a kansa shi ke bin sa har ƙarshen rayuwa ta hanyar fansho. Ga iyali, ga gona, ga aji. Mutum irin wannan in ka ce masa ya tattara ya koma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zauna shekara uku cikin sa'o'in 'ya'yansa, ka faɗi gaskiyar da ba ta da amfani a gare shi.

Na tambaye shi ko ya ji labarin Umar Audu. Ya ce sam. Wannan ɗan jarida ne na Daily Nigerian, wanda a watan Disamba na 2023 ya wallafa yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga hidimar ƙasa da takardar. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na wannan shekara kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Ba ina cewa duk jami'ar da ke can ta banza ce ba, akwai na ƙwarai da gwamnati ta amince da su. Amma wanda ya sayar da shanunsa ya sayi irin waccan takarda ya yi asara biyu: ba shanu, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata, aikin da yake da shi ma zai iya salwanta. Araha ba ta ado, balle wannan da ko arahar ba ta da ita.

Sai dai kuskure ne babba a haɗa wannan kasuwa da karatu daga gida a zuba su a ƙwarya ɗaya, kuma mu malaman jami'a muna cikin masu yin wannan kuskure. Karatu daga nesa ya girmi intanet da fiye da ƙarni guda. Tun 1858 Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga waɗanda ba su zauna a harabarta ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan farko na ƙasar nan ta gidan waya suka yi karatu, ana aiko musu da darasi cikin ambulan, su amsa su mayar. Nelson Mandela yana tsare ya kammala digirin shari'a da Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA. A nan kusa da mu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, ta fitar da malaman firamare masu yawan gaske ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Ita kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 Obasanjo ya farfaɗo da ita. Bayan ya sauka daga mulki ya shiga cikinta a matsayin ɗalibi har ya kai ga digirin digirgir. Daga 2016 zuwa 2021 kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya shugabance ta.

In ma da za mu duba gida, komawar dattijo karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wane gari ne babu zauren da za ka iske ɗan kasuwa ko manomi mai furfura, bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha, ya buɗe Ahalari ko Risala gaban malami, ya ɗauki darasinsa ya tafi nema? Babu wanda ya taɓa ce masa ya tsufa. Amma akwai tambaya guda da mutanenmu ba su taɓa barin ta ba: a wurin wa ka yi karatu, shi kuma a wurin wa ya yi? Malami ba ya ba da ijaza sai ya ji karatun da kunnensa. Wannan tambaya ita ce har yau, illa dai a boko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ke amsa ta.

Saboda haka abin da na fara ce wa taubashina shi ne ya nemi sunan makarantar a jerin jami'o'in da NUC ta amince da su, wanda take wallafawa tare da jerin haramtattu. Amincewa da jami'a kuma daban, amincewa da kwas daban. Jami'a na iya zama halastacciya alhali wani kwas da take tallatawa bai samu izini ba. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Masu sana'ar da ke da hukumar rajista sai sun ƙara taka-tsantsan. Ɗaliban da suka karanta shari'a a NOUN sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a buɗe musu ƙofar makarantar horar da lauyoyi. Ina faɗin haka ne musamman saboda ƙannenmu da suka fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, waɗanda ke yawan tambayata game da digiri ta intanet. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi hukumar da ke ba ku lasisin aiki. Shi kuma ma'aikacin gwamnati kada ya fara karatu sai ya karɓi izini a rubuce daga ofishinsa, don kada ya gama wahala a ce masa ba a san da zancen ba.

Ga wanda duk wannan ya yi masa tsawo, akwai gajeriyar hanyar gane gaskiya. Ka tambayi mai tallan: a ina zan zauna jarrabawa, kuma wa zai tsare ni? A NOUN ɗalibi kan yi ayyukan gwaji ta intanet da ke ɗauke da kashi 30 na maki, sauran kashi 70 kuwa sai ya je cibiyar karatu da ƙafarsa ya zauna an sa masa ido. Akwai irin wannan cibiya a cikin Katsina. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma a 2023 an ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi. Duk wadda ta amsa sunanta jami'a za ta iya kayar da kai. Wadda ta yi maka alkawarin ba za ka faɗi ba, shago ce.

To, a ce an samu jami'ar ƙwarai. Nan ne ainihin wahalar take, kuma ita ce masu talla ba su faɗi. A ko'ina a duniya, masu fara karatu daga nesa su watsar sun fi yawa idan aka kwatanta da masu zama aji, kuma ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba. Aji yana da ƙararrawa, yana da malamin da zai lura ba ka zo ba, yana da abokin da zai ara maka littafi. Mai karatu daga gida shi ne ɗalibi, shi ne mai ƙararrawa, shi ne mai bulala. A ƙauye kuwa abin ya ninka. Sabis ya zo ya ɗauke, wuta sai a shagon caji, littafi mai shafi ɗari biyu da Turanci a kan fuskar waya, ga idon da ya kusa shekara hamsin. Sannan ga abin da ya fi waɗannan nauyi, wato zumunci. Magidanci a Bauranya ba ya iya cewa ba zai je jana'iza ko ɗaurin aure ko suna ba saboda yana da jarrabawa jibi. In ya faɗa, za a ce boko ya shiga kansa da tsufa. Damina kuma ba ta duba jadawalin jarrabawa kafin ta sauka. Duk mai niyyar wannan karatu ya zauna ya nemo awa biyu a kowace rana da zai ce nasa ne, ya san daga ina zai yanko su. In bai same su a takarda ba, ba zai same su a aikace ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga matan aure da suka tsaya a sakandare ko NCE, sau da yawa wannan ce ƙofa ɗaya da ta rage. Maigida yakan ce ya amince, ya ɗauka ya gama nasa. Amma izini bai wadatar ba in har girki da raino da wanki suna nan yadda suke. Wanda ya yarda matarsa ta yi karatu, sai ya yarda a rage mata wani aikin, kuma ya kai ta Katsina ranar jarrabawa.

Bari in faɗi laifina. Shekarun baya, duk lokacin da na ga takardar buɗaɗɗiyar jami'a cikin masu neman digiri na biyu, nakan taɓe baki a zuci. Wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya biyar, ita ta gyara mini tunani. A makonnin farko ba ta iya muhawara a aji, domin ba ta saba ba. Amma in na ba da babi uku a karanto, ita kaɗai ke zuwa ta karanta duka ukun, ta ja layi a inda ba ta gamsu ba. Shekaru ta yi tana koyar da kanta, abin da yawancin ɗalibanmu na aji ba su taɓa gwadawa ba. Wannan ba ya hana ni faɗin cewa na ga akasinta: waɗanda suka biya mai shagon kwamfuta ya yi musu ayyukan gwaji, suka haddace tsofaffin tambayoyi, suka fito da takarda halastacciya da kai wayam. Irinsu kuwa muna da su a jami'o'in zama aji, kada mu yaudari kanmu. Ra'ayina dai shi ne, yaro ɗan shekara goma sha takwas da ya samu gurbi ya tafi ya zauna aji, domin jami'a ba darasi kaɗai take koyarwa ba. Haka mai son fannin da ke buƙatar ɗakin gwaji da aikin hannu kullum. Amma malami ko akawu ko ɗan kasuwa da ya riga ya san duniya, abin da ya rage masa littafi ne da shaida, wannan hanya dominsa aka yi ta. Malamin makaranta ya kuma duba karatun dogon hutu da wasu jami'o'i da kwalejojin ilimi ke shiryawa, domin wani ya fi gane karatu in yana ganin fuskar malami.

Taubashina bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya ce, "Wato kai ka ci naka, ni kuma ka ce in yi shekara uku ko huɗu." Na ce masa, "Yaya, shekarun za su wuce ko ka yi karatun ko ba ka yi ba." Bayan sati biyu ya hau mota ya je Katsina da takardunsa. Wasiƙar izini ta ɗauke shi wata uku yana sintiri. Na ba shi tsohuwar kwamfutata, ya sayi tabarau da ƙaramin faifan sola, ya mai da bayan asuba lokacin karatunsa. Shanun suna nan, da su ya yi huɗar bana.

A zangon farko ya ci kwasa-kwasansa ban da guda ɗaya, wanda zai sake. Ya kira ni a makon jiya yana mita, wai jarrabawar ta faɗo daidai lokacin noman farko, kuma babban ɗansa, wanda ke aji biyar na sakandare, shi ke koya masa yadda ake tura aikin gwaji. Kafin mu yi sallama ya gaya mini cewa wani abokin aikinsa ya biya dillalin nan kashin farko tun bara. Har yanzu yana jiran takarda, lambar wayar kuma ta daina shiga.