Murfin mota ya koɗe: a gyara shi da hankali

Jama'a, a wannan rana tamu da ke wuce digiri 40 cikin watan Afrilu, murfin injin mota na zaren kabon ba ya daɗewa sai ya koɗe. Mu sani, zaren yana nan lafiya. Ruwan ƙyallin da aka fesa a samansa ne rana ta cinye. Abin takaici, wasu masu fenti kan kama shi da samfefa mai kaushi har su taɓa zaren, mai mota ya yi asarar murfi mai tsada. Muna kira gare su da su gurza a hankali, da ruwa da samfefa mai laushi, sannan su fesa sabon ƙyalli mai jure rana. Ku kuma masu mota, ku nemi inuwa.