Wa Zai Faɗa wa Baba da Hausa?

Ɓarawon zamanin nan ba ya haura katanga. Waya yake bugowa cikin ladabi, ya kira Alhaji da cikakken sunansa, ya ce daga banki ne, an rufe asusunsa saboda matsalar BVN, amma in ya karanto lambobin da aka turo masa yanzun nan za a buɗe. Lambobin nan kuwa, waɗanda ake kira OTP, su ne izinin fitar da kuɗin. Da zarar an karanta, shi ke nan, an ba kura ajiyar nama.

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da BVN a 2014, lambar nan mai alƙaluma 11 ta zama abin tsorata mutane. Sai kuma canjin kuɗi ya zo a ƙarshen 2022, takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, dattawan da ba su taɓa yarda da komai ba sai tsaba suka koma turawa ta waya dole. Mai goro a Agege, mai albasa a Mile 12, dillalin shanu a Ibadan, kowa ya shiga harkar da ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

A nawa ra'ayin, nan ne gizo ke saƙar. Bankuna suna ta aiko gargaɗi, gaskiya ne, amma yawanci da Turanci ne, a rubuce. Tsohon da ya iya ajami da lissafin ka, wanda ba a taɓa cutarsa a ciniki ba, me wannan saƙo zai yi masa? Mu da muke nazarin harshen nan a jami'a, in ba mu mayar masa da shi Hausa ba, wa muke jira?

Abin faɗar ma ba shi da yawa. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko OTP ko lambobin jikin kati ta waya. Duk wanda ya tambaya, a kashe wayar, a taka zuwa reshe. Kada a rubuta lambar sirri a bayan kati, kada kuma a miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lamba don ya danna. Mai sayar da kaya ya duba asusunsa kafin ya saki kaya, domin akwai alat na bogi. In waya ta ɓata, ko layi ya ɗauke haka kawai ya ƙi dawowa, a rufe asusu kafin a soma cigiya, saboda mai riƙe da layin yana iya kwashe kuɗin ko da ƙaramar waya ce.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka shi ya tsira. Masu takardun shaida ne suka cika MMM kafin ta daskare a Disambar 2016, haka ma CBEX da ta rufta da mutane a Afrilun 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Dattijo in an damfare shi sai ya yi gum, gudun kada 'ya'ya su ce ya tsufa, ko su karɓe masa kati. Alhali kuwa sa'o'in farko ne ake da damar banki ya tare kuɗin kafin a rarraba su. Saboda haka in Baba ko Inna suka kawo ƙara, a bar faɗa, a ɗauki katin shaida a raka su banki nan take, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.