Duniyar Littattafai: Dodon Da Ke Cikin Ramin Kuza

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya san amfanin tsoro wajen tarbiyya. Tsohuwa takan tara jikoki da dare ta kawo musu labarin Dodo, har yaro ya ƙi fita tsakar gida shi kaɗai, amma kuma gobe shi ne zai fara roƙon a sake. To, yara sun girma, tsohuwa ta yi shiru, sai littafi ya gaje ta. Yau samari da 'yan mata suna karanta labaran ban tsoro a takarda da kuma cikin wayar hannu, kuma yawancin abin da ake sayar musu aljannu ne na bayan Dutsen Ƙaf da bokayen wata ƙasa wadda babu ita a taswira.

A Turai da Amurka akwai wani reshe na irin waɗannan littattafai da ake rubutawa musamman domin matasa, inda akan rufe yara a ƙarƙashin ƙasa, cikin kogo ko rami, a ga wanda zai tsira da kuma abin da zai aikata kafin ya tsira. Tushen abin ya daɗe. A cikin littafinsa The Time Machine na 1895, H. G. Wells ya raba 'yan Adam gida biyu: 'yan gata a doron ƙasa suna hutawa, ma'aikata kuwa a ƙarƙashinta cikin duhu, har lokacin da na ƙasa suka koma fitowa da dare suna cin naman na sama. Watau abin tsoron a nan bashi ne da ya daɗe ba a biya ba.

Marubucin Hausa da ke son irin wannan labari ba sai ya yi aro ba. Ya shiga mota ya sauka Kafanchan, domin ƙasar kudancin Kaduna tana da ramuka iri uku, kowanne da nasa alhakin.

Na farko shi ne kogunan duwatsu. A ƙarni na 19 masarautar Jama'a tana ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da take aikawa har da bayi. Ƙabilun yankin da yawa sun haye duwatsu domin guje wa mahara, suka ɓoye mata da yara da hatsi a cikin koguna. Mutanen Kagoro na cikin waɗanda ba a ci su da yaƙi ba har zuwan Turawa, kuma har yanzu duk ranar 1 ga Janairu suna taruwa bikin Afan a gindin dutsensu. Wajibi ne mai karatu Bahaushe ya tsaya nan ya yi tunani, gama dodon da uwa take toshe bakin jaririnta saboda shi a cikin kogo, bisa doki ya zo, da rawani.

Na biyu shi ne ramin kuza. Da Turawa suka kafu, kamfanoni suka bazu daga Jos har zuwa ƙasar Jama'a suna haƙa, kuma a 1927 hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mararraba, ana ɗaukar kuza daga Jos ta nan zuwa Fatakwal. Sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, wanda jama'a suka sa wa suna diban gwamna. An kwashi dubban talakawa daga larduna, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, aka kai su filayen kuza na Jos, sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa. Hakimai da dagatai ne aka ɗora wa alhakin cika adadi. Ashe kowane suna da aka rubuta, akwai hannun da ya rubuta shi, akwai kuma sunan da aka tsallake.

Na uku ya fito ne daga cikin na biyu. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu. Wajen 1943 aka sami wani kai a ƙasar Jama'a, wanda sai da aka kafa shi a gonar doya yana tsorata ɓarayin gona kafin ya kai hannun Bernard Fagg, Baturen da ya gane cewa wata tsohuwar al'umma ce ta ƙera su. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna cewa al'ummar ta kafu tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Amma kafin masanan su iso, masu tono sun riga sun rarake yawancin wuraren. Tun 1979 doka ta hana cinikin kayan tarihi, duk da haka a shekarun 1990 samarin ƙauye suka yi ta tonawa, dillalai suna saye da araha suna ƙetarawa. A shekarar 2000 aka baje biyu daga cikin kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, aka yi ta cece-kuce, sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Mai tono ya sami na tuwo, mai saye ya sami suna.

To, a ƙaddara marubuci ya ɗauki yara biyu 'yan aji ɗaya a wata makarantar sakandare a Kafanchan. Ɗaya ɗan dillali ne, da kuɗin tono ake biyan karatunsa, bai taɓa tambayar inda suke fitowa ba. Ɗayan ɗan mai tono ne, wansa ya mutu a rami, dillalin ya aiko da buhun masara ranar zaman makoki. Ran nan suka sauka wani tsohon ramin kuza, irin ƙunƙuntar nan da ake kira loto, ƙasa ta rufta musu, ga tocila ɗaya, ga gorar ruwa ɗaya, ga wani kan yumɓu a bango da hudaddun idanu yana duban su. Can suka fara jin sarar diga daga sama, dare da rana ba a tsayawa. Ɗan mai tono ya san lokacin wansa yini ɗaya aka yi aka haƙura. Ɗan dillali ma ya sani. Daga nan marubuci ba ya bukatar aljani, ko da yake in ya ga dama ya sa kan yumɓun ya yi magana da muryar mamacin. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ko da cikin rami ne.

Wani zai ce ina amfanin tsorata yara da tsohon ciwo, a garin da rikicin 1987 ya faro daga Kwalejin Ilmi, aka kuma sake zub da jini a 1999 da 2011? Maganar tana da nauyi. Littafin da zai ɗora laifi bisa wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya, gara ba a rubuta shi ba. Amma rami ba ya tambayar sunan wanda ya rufta wa. Yaron da ya karanta labarin nan zai shiga jikin yaran biyu duka, ya ji ƙishirwar wannan, ya ji kunyar wancan, kuma wannan ilmi ne da wuya malami ya iya rubuta shi a allo.

Bugu da ƙari, ramukan ba su rufe ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2024 kuma rami ya rufta wa ma'aikata a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Sa'ad da yara 12 da mai koyar da su ƙwallo suka maƙale cikin kogo a Tailan a 2018, duniya duka ta tsaya har aka fito da su, aka yi littattafai da fina-finai. Yaran da ke sauka ramukan Arewa kuwa ko sunansu ba a cika rubutawa ba.

Saboda haka kira ga marubuta shi ne su je su zauna da tsofaffin Kwoi da Kagoro da Godogodo, su ji daga bakin masu abin, su nemi izini kafin su taɓa abin da mutane suke girmamawa, sa'an nan su rubuta da adalci. Malaman Hausa kuma su buɗe wa irin wannan littafi ƙofar aji idan ya fito. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Waɗanda suka gabata sun gina da zurfi, kuma jikokin kowane ɓangare ne ke tafiya a bakinsa. Allah Ya kiyaye.