Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Manhaja Domin Baƙin Allon Windows



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata illa da na daɗe ina gani a manhajojinku, inda bawan Allah zai adana kalmar "ƙasa" da lanƙwasarta, amma allon umarni ya nuna masa "╞Öasa", aibin da malamanmu na zaure, waɗanda ba su yafe wa almajiri ɗigo ɗaya idan ya ɓace a kwafin littafi, za su kira tas'hifi.

Musabbabin a fili yake. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Shi kuwa allon, idan saitinsa na Amurka ne, da tsohon jadawali mai lamba 437 yake karatu, wanda a wurinsa kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, sai ya raba tagwayen, ya ba kowanne ma'anar da ba tasa ba.

Na san fatawar da ta shahara a tsakaninku, wato a ce wa mai amfani ya buga chcp 65001, amma a ra'ayina wannan ɗora wa baƙo aikin mai gida ne. Tun da Windows a cikin ransa da UTF-16 yake magana, abin da ya fi dacewa shi ne manhajarku ta karɓi umarni ta wmain, ta yi karatu da ReadConsoleW, ta yi rubutu da WriteConsoleW. Sai dai ku lura, wannan na ƙarshe ba ya aiki idan an karkatar da sakamakon zuwa fayil, saboda haka ku fara tambayar GetConsoleMode, in ya ce ba allo ba ne, ku zuba UTF-8 kai tsaye.

Wanda kuma ya zaɓi SetConsoleOutputCP, to ya sani allon aro ne, wajibi ne ya mayar da lambar da ya tarar kafin ya fita.

Daga nan ku jarraba da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In kun ga 'yan akwatuna a gurbinsu, ku bar manhajar ta huta, ku sauya samfurin haruffan allon, domin a nan laifin yake.

Wassalam.